Talata a Argungu: awon lambun tsakar gida

Yau tun bayan asuba aka ja igiya a filin da za a yi lambu. Mai gidan ya ce irin na fadar Alhambra yake so, wadda ke birnin Garanada a ƙasar Sifaniya. To, wannan lambun ba furanni ne ƙashin bayansa ba, ruwa ne.

Sarki Muhammadu ɗan Ahmar, wanda ya kama Garanada a 1238, shi ya sa aka janyo ruwa daga kogin Darro, tafiyar kusan kilomita 6, har kan tudun fadar. Daga baya magadansa suka gina lambun Janaralife, kusa da fadar. Farfajiyarsa doguwa ce, tsawo kamar mita 49, faɗi kamar 13, magudana ta ratsa tsakiya. Gadajen shuka na asali sun fi hanyar tafiya zurfi, wato dai komi, irin wanda masu albasa na Aliero suka sani tun kaka da kakanni. Ruwan nan mai tsartuwa da ake gani a hotuna ƙari ne da aka yi daga baya.

Namu filin mita 20 ne da 8. Da tiyo cike da ruwa aka daidaita gangara: santimita 1 a kowace mita. In ta gaza haka ruwa ya kwanta, gansakuka da sauro su samu gida. In ta wuce, ya zaizaye bakin komi. Magini ya so a faɗaɗa magudanar, na ce, "Baba, a bar ta a santimita 30, ranar Afrilu shanye ruwa take yi."

Komaye huɗu, zurfin kowanne santimita 40. Ƙasar wurin rairayi ce, don haka za a haɗa kashi biyu nata da kashi ɗaya na lakar fadama da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki gara yake kira.

Itacen lalle zai zama shinge, sai rumman da lemun tsami a kusurwoyi. Dogon yaro da mangwaro kuwa babu su, saiwarsu fasa magudana take yi. Katangar gidan ta ƙasa ce, irin ta tsohuwar fadar da Yakubu Nabame ya gina a 1831, wadda yanzu ita ce gidan tarihi na Kanta. Damshi ke cin gindin irin wannan gini, shi ya sa aka ja komi na ƙarshe baya da mita 2.

Gobe sai haƙa, in siminti ya iso.