Sha-laka, dodon da muka hana shi tsafi

Yaran da nake koya wa kimiyya da yamma a Aboabo, nan Kumasi, su suka ƙirƙiro shi. Za mu yi wasan kwaikwayo na ƙarshen zango, sai suka zana wani dodon ruwa mai dogon wuya da ƙaton ciki, suka raɗa masa suna Sha-laka. Aikinsa ya zuƙi ruwan kwata, ya feso ruwan sha. Na yarda, amma da sharaɗi: ba tsafi. Duk abin da dodon zai yi, sai mun yi irinsa da hannunmu a kan teburi. Abin da ya gagare mu, shi ma ya gagare shi.

Da miyaunsa muka fara. Ruwan da muka ɗebo bayan an ɗauke ruwan sama ja ne wur, ko ya kwana a ajiye ba ya kwantawa duka. Dalili kuwa, ƙwayoyin lakar sun yi ƙanƙanta ainun, kuma caji iri ɗaya gare su, kowace tana ture 'yar'uwarta. Alif shi ke kashe wannan turereniya, sai su manne wa juna su yi nauyi su nutse. Muka cika kwalba biyu, ɗaya muka sa mata ɗan alif, ɗaya garin 'ya'yan zogale da muka ɓare muka daka. Aka motsa da sauri, sannan a hankali, aka bari. Yaran suka kafa haɓa a bakin teburi suna kallon lakar tana tattaruwa gutsi-gutsi kamar madarar da ta tsinke, tana sauka ƙasa. Na gaya musu da wannan dabarar matatar Barekese, wadda ke kan kogin Offin, take aiki kafin ruwa ya iso famfonmu. Nan take aka rubuta cewa miyaun Sha-laka na zogale ne.

Maƙogwaronsa bai ba mu wuya ba. Robar ruwa muka yanke muka kifa, muka jera tsakuwa da yashi da gawayi, ruwa ya riƙa ɗiga garau.

Wani yaro ya miƙa hannu: “Malam, ai ya yi fes, in kurɓa?” Na riƙe kofin. Ƙwayoyin kwalara da na taifot ba sa sauya launin ruwa, kuma yashin da muka zuba a roba ba zai tare su duka ba. Iyayensu ba su manta da kwalarar 2014 ba, wadda ta kwantar da dubban mutane a ƙasar nan, musamman a babban birni. Dole dodon ya sami makamin kisa. Ko dai wuta a cikinsa, ruwa ya tafasa sosai na minti ɗaya, ko kulorin, a jira minti 30. Yaran suka zaɓi idanu masu hasken rana, domin kwalbar roba mai haske in ta yi awa 6 a kan kwanon rufi cikin rana tsantsa, hasken yana kashe yawancin ƙwayoyin. Kuma sai an kawar da laka tukuna, don ƙwayar cuta tana fakewa a jikinta, ita lakar kuma tana cinye ƙarfin kulorin.

Ina ganin mun gama ke nan, sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta nuna gindin kwalbar alif ta ce, “Malam, to wannan fa, ina dodon zai kai shi?” Wallahi tambayar ta fi duk abin da na shirya. Tacewa ba ta ɓatar da datti, wuri kawai take sauya masa. Abin da ya bar ruwa yana nan kwance a gindin kwalba, ko maƙale a yashi, kuma gawayi ma yana ƙoshi ya daina kamawa. Sai muka ƙara wa Sha-laka tozo a baya, inda lakar ke taruwa, in ya cika sai ya tsaya an kwashe masa.

Daga nan maganar galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage, ta shigo, don akwai masu 'yan'uwa a wuraren haƙar zinariya. Kogunan Offin da Pra da Ankobra duk sun sha laka da zaiba, wadda ake kama zinariya da ita. Muka tafasa ruwan gishiri har ya ragu, kowa ya ɗanɗana, gishirin ƙaruwa ya yi. Haka gubar ƙarfe irin dalma take: wuta ba ta kashe ta, don ba rai gare ta ba, hasken rana ma haka. Akwai matata mai tantani da ake tura ruwa ta cikinsa da matsi mai ƙarfi, tana raba shi da gishiri da ƙarafa, amma tana cin lantarki, kuma ita ma tana barin ragowar ruwa mai kaurin guba.

Mazan ajin sun so a ba dodon wannan tantanin ya gagari kowane kogi. Muka yi ta muhawara, na ce ba mu yi shi a teburi ba, sharaɗi sharaɗi ne. A wasan, Sha-laka ya isa kogin da aka ɓata, ya zuƙa, tozonsa ya kumbura, ya faɗi ba lafiya, mutanen gari suka fito neman masu zubar da gubar.

Bayan an tashi, wata uwa ta tare ni tana tambayar yawan alif da za ta sa a randa. Na ce, “Hajiya, kaɗan ya isa, a tsiyaye na sama a tafasa, a rufe randar, kuma a ware mata moɗa guda mai mariƙi don kada hannu ya shiga.” Ruwan lakar da muka tace ba wanda ya sha, shuka muka ba. Lakar kuwa yaran suka ƙi a mayar da ita kwata, suka haƙa rami nesa da rijiya suka binne.