Hanyar aro, da fadamar da ta kusa haɗiye mana katafila

Har yau in na ji mahayi ya ce ai ya biya kuɗin rajista, don haka yana da ikon bi ta inda ya ga dama, sai raina ya ɓaci. A jihar Minnesota ta Amurka akwai hanyoyin babur ɗin ƙanƙara, wato babur da ake hawa a kan dusar ƙanƙara lokacin hunturu, da tsawonsu ya kai mil 22,000, kuma kusan mil 21,000 daga ciki ba ma'aikatan gwamnati ke kula da su ba. Ƙungiyoyin sa-kai ne na ƙananan garuruwa, irin tamu. Gwamnati tana ba da tallafi ta hannun Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa, wadda kowa ke kira DNR, daga kuɗin rajistar babura da wani kaso na harajin fetur, kuɗin kuma sai ya bi ta ƙaramar hukuma kafin ya iso gare mu. Amma ƙasar da hanyar ke ratsawa, da yawanta ta mutane ce, gonar wannan, dajin wancan. Aronta ake yi da takardar izini, daga 1 ga Disamba zuwa ƙarshen Maris. Ranar da mai fili ya ce ya fasa, magana ta ƙare.

Maƙwabcina ne ya ja ni cikin ƙungiyar, a wani ƙaramin gari kudu da birnin Duluth inda aiki ya kai ni. Ba son gudu ya sa na shiga ba. A yankin nan, in ba ka samu abin da zai riƙa fitar da kai waje lokacin hunturu ba, zaman ɗaki zai gama da kai. Aikin gayyar da ake yi kafin dusar ƙanƙara ta sauka ba wani abin ba da labari a cikinsa: sare rassa, gyaran gadojin katako, kafa alamomi masu ruwan lemo da allunan tsayawa a mahaɗar titi. In an buɗe farautar barewa da bindiga a Nuwamba kowa ya fice daga daji. Taronmu na wata-wata a ɗakin bayan wata mashaya ake yi, kuma wani ɓangare na kuɗin shigar ƙungiya daga tikitin caca yake fitowa. Ni dai da kofin shayina nake zama, tawa gudummawar zarton inji ce da ƙarfin jiki, sun saba har sun daina yi mini tayi.

Wahalarmu ta samo asali ne daga gonar wani dattijo mai kiwon shanu. Hanyarmu ta daɗe tana bin gefen gonarsa ta alfalfa, ciyawar da suke nomawa don dabbobi, tun mahaifinsa na da rai. Ba a taɓa biyansa ko sisi ba, iyakarsa liyafar da muke shirya wa masu filaye duk shekara. Sharaɗinsa ɗaya ne, a tsaya tsakanin turakun da aka kafa. A farkon 2022 wasu mahaya suka hango fili fari fat ba sawun kowa, suka saki hanya suka faɗa ciki, suka yi ta zagaye da dare. Wanda bai san noman ƙasar sanyi ba zai ce to me aka taka, ba dusa ba ce kawai? Dusar da ta kwanta sako-sako ita ke tsare saiwar alfalfa, domin iskar da ke cikinta ba ta barin sanyi ya ratsa zuwa ƙasa. Da zarar an danne ta, sanyi ya samu hanya ya sauka kai tsaye, ko kuma ta rikiɗe ta zama ƙanƙara ta shaƙe shukar. Da dusa ta narke gona ta yi kore shar, sai ga sawun baburan nan a zane, layi-layi na matacciyar ciyawa, har inda suka yi ta juyi ana gani.

Ni da shugabanmu muka je ba da haƙuri. Bai ɗaga murya ba. Ya kai mu ya nuna mana, sannan ya ce, "Ku ba ni da matsala da ku. Amma ba ku kaɗai ke bi ba, kuma ba za ku kwana kuna yi mini gadin gona ba." Ba mu da amsa, shi kuwa ya janye izininsa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake rufe burtali a gida saboda garke ɗaya ya yi ɓarna ya san irin wannan zaman. Wake ɗaya ya ɓata gari, waɗanda suka yi abin kuma har yau ba mu san ko su waye ba.

Barin hanyar a katse ba zai yiwu ba, domin wannan gaɓar ce ke haɗa mu da hanyar ƙungiyar da ke maƙwabtaka da mu, kuma gidan mai da masu sayar da abinci na garin da mahayan nan suke cin hunturu. Mafita ɗaya ita ce a kewaya ta bayan gonar, ta wani filin ƙaramar hukuma wanda rabinsa fadama ce, kacalla da ƙananan itatuwa. Wannan ba baƙon abu ba ne. Hanyoyi da yawa a arewacin jihar kan fadama suke bi, kuma in ta daskare sosai ta fi tudu daɗin bi, don ba dutse ba kututture. Sai dai tana da ƙa'ida. Da dusar farko ta sauka, ana shiga da ƙananan babura a yi ta kai da kawowa ana danne ta, a fitar da iskar da ke ciki, don sanyi ya ratsa ƙasa. Bayan kwanaki a shiga da abin da ya ɗan fi nauyi. Katafilar gyaran hanya ita ce ta ƙarshe. Wato abin da ya kashe wa dattijon nan ciyawa, shi ne daidai abin da fadamarmu ke bukata, kuma a kan lokaci take bukatarsa.

Lokacin ne muka rasa. Daga 13 zuwa 16 ga Disamba 2022 aka yi wata dusa jiƙaƙƙiya mai nauyi a arewa maso gabashin jihar, wasu wurare ta kai ƙafa 2. Ta manne a jikin itatuwa ta yi ta karya su, dubban gidaje suka kwana da yawa ba wutar lantarki. Da muka shiga daji ba ka gane inda hanya take. Bishiya kan bishiya, wasu a karye, wasu sun sunkuyo kansu a binne cikin dusa. Waɗannan sunkuyayyun su ne mugaye. Ƙarami ne a ido, amma a ɗaure yake da ƙarfi, in ka yanke shi ta gefen da bai dace ba sai ya zabura ya doke ka a fuska. Sai an fara karkaɗe masa dusa, a ɗan tsattsaga cikin lanƙwasar a hankali har ya saki, sannan a sare. Muka yi makonni muna wannan, mai aiki ya zo bayan ya tashi da fitila a goshi, tsofaffin da suka yi ritaya su wuni. Duk tsawon lokacin nan ba babur ɗin da ya iya isa fadamar, tana can lulluɓe da dusa mai zurfi, ƙasanta bai gama daskarewa ba.

Gab da Kirsimeti aka yi wani sanyi mai tsanani, irin wanda gashin hanci ke ƙagewa da ka leƙa waje. Kowa ya ce shi ke nan, wannan sanyin ba abin da bai daskarar ba. A shafinmu na Facebook kuwa ba a bar mu mun huta ba. Yaushe za ku buɗe? Ina kuɗin rajistarmu ke zuwa? Mafi yawan masu wannan tambaya ba wanda ya taɓa ɗaga mana reshe ɗaya. Da muka samu isa fadamar muka danne ta da babura, muka bi da sandar ƙarfe muna soka ƙasa a bakin shiga da tsakiya da bakin fita. Ko'ina sandar ta ce ƙwal. Aka ce katafila ta shiga.

Ina cikinta a daren, a gefen dattijon da ya fi kowa daɗewa yana tuƙa ta. Da dare ake gyaran hanya saboda ba mahaya sosai, kuma dusar da aka cakuɗa tana son sa'o'i cikin sanyi ba a taɓa ta ba kafin ta kama jikinta. Katafilar tana jan wata doguwar garmar ƙarfe a baya, wuƙaƙenta su sare gargada tun daga gindi, su juya dusar, faranti na ƙarshe ya daddale ta. Tafiyar ba ta wuce mil 5 zuwa 7 a awa, in ka yi sauri kai da kanka za ka shuka sabuwar gargada. Muna tafe a hankali, mun wuce tsakiyar fadamar, sai na ji gefena ya yi ƙasa. Ba ƙara, ba wata jijjiga. Kawai fitilun gaba suka karkace suna haska saman itatuwa, baƙin ruwa ya ɓullo kan farar dusa, ga warin ruɓaɓɓen ganye. Dattijon ya cire giya nan take, ya ce mini, "Kada ka fita ta ƙofarka, biyo ta tawa." Da ya ci gaba da taka mai, da sarƙoƙin sun haƙa mata kabari.

Ashe wani ɗan rafi ne ke ratsa fadamar ta ƙarƙashi, daga wata madatsa da dabbobin ruwan nan da ake kira biba suka gina da itatuwa can sama. Faɗinsa bai fi taku kaɗan ba. Ruwa mai gudu ba ya daskarewa kamar na kwance, ga dusa ta rufe shi tun kafin sanyin ya zo. Babur ya wuce ta kansa lafiya saboda ba shi da nauyi kuma da gudu yake wucewa. Sandarmu ta soki gabansa ta soki bayansa, shi kuwa ba ta same shi ba. Katafila mai nauyin tan da yawa ita ta gano mana shi.

Fitar da ita shi ne abin da har yanzu ba na son tunawa. Ba a barinta ta daɗe, domin ruwan da ya fito fili yanzu kam zai daskare, ya riƙe ta gam har bazara. Ga tsoron kada man dizal ko man haidirolik ya zuba cikin fadama, wanda shi ma wata shari'ar ce daban. Sai da aka yi hayar motar haƙa, ita ma ba ta isa wurin sai an shimfiɗa mata manyan katakai tana takawa ana ɗauko na baya ana kaiwa gaba. Aka kwance garmar aka ja ta daban, aka cusa gungume ƙarƙashin sarƙa, aka ɗaura igiyoyin ƙarfe. Mutane cikin ruwa har gwiwa a sanyin da safar hannu ke ƙagewa da ta jiƙe. Ta fito, alhamdu lillahi, ba wanda ya ji rauni, mai bai zuba ba. Amma ruwa ya shiga inda bai kamata ba, kuɗin haya da na gyara suka cinye abin da muka daɗe muna tarawa don sabunta wata gada. Sabuwar irin wannan mota tana haura dala 200,000, don haka batun canji bai ma taso ba.

Abin da ya fi ciwo, wannan shi ne hunturun da Duluth ta samu dusa inci 140.1, mafi yawa tun da aka fara ajiye lissafi. Shekarar da mahaya suka daɗe suna mafarki, tamu katafilar tana garejin makaniki ana jiran kayan gyara. Hanyarmu ta koma gargada mai karya ƙugu. Ƙungiyar maƙwabta ta riƙa shigowa da tata tana taimaka mana in ta gama nata, mu zuba mata mai. Masu Facebook kuwa suka samu sabon abin faɗa.

Wanda duk zai ratsa sabuwar hanya ta fadama, ya taka ta da ƙafa tun kafin sanyi, da dogon takalmin roba, ya nemo inda ruwa ke gudu ya kafa doguwar sanda a wurin, wadda dusa ba za ta binne ba. Mu a taswira da kuma daga bakin fadamar muka dube ta, lokacin ciyawa ta rufe komai. Ya duba sama ko akwai madatsar biba. In lokacin gwaji ya zo, soka uku ko huɗu ba gwaji ba ne, duk 'yan taku ake sokawa, tun daga wannan baki har wancan, a layin da kowace sarƙa za ta bi. In ka ga dusa ta yi toka-toka ko ta ɗan lotsa a wuri guda, ko itatuwa sun jeru kamar an ja musu layi, to akwai ruwa a nan. Ma'aunin kaurin ƙanƙara da DNR ke bayarwa, inci 4 ga mai tafiya a ƙafa, inci 5 zuwa 7 ga babur, na sabuwar ƙanƙara ce garau a kan tafki, kuma su da kansu sun ce in fara ce a ninka. Fadama ba ta cikin wannan lissafi. Sannan tsananin sanyin da kake ji a fuskarka ba ya gaya maka komai game da abin da ke ƙarƙashin dusa ƙafa 2. Shekarar da dusa ta zo da yawa da wuri, a nan ne ya kamata a fi jinkirta katafila, ko da kuwa a nan ne mutane suka fi matsa lamba.

Hunturun da ya biyo baya, na 2023 zuwa 2024, dusa ta ƙi zuwa kusan gaba ɗaya, katafilar da muka kashe wa kuɗi ta yi zamanta a rumfa. Muka yi amfani da lokacin muka bi takardun izini, domin ba a taɓa fadama a jihar nan haka kawai, muka ɗora 'yar gadar katako a kan rafin. A sauran gonakin da muke bi mun ƙara turaku da shingen roba a duk kwanar da fili ke jan ido.

Dattijon mai alfalfa bai daina zuwa liyafarmu ba. Yana ci yana raha da kowa, amma bai sa hannu a takarda ba. Na sake tuntuɓarsa a ta ƙarshe, ya ce alfalfa ba ta dawwama a gona, bayan 'yan shekaru zai nome ta ya sa masara, kuma kututturen masara ba ruwansa da babur. Ya ce in lokacin ya yi in zo mu yi magana.