Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwana Huɗu a Bakin Teku

A makon jiya na tsaya a daren da na cike takardun neman Universal Credit, tallafin da gwamnatin Birtaniya ke ba masu ƙaramin ƙarfi, a wayata, cikin watan Mayu na 2021, wata biyu bayan rabuwata da uban 'ya'yana. Kafin wani ya yi mamakin yadda na cancanta, shekara goma sha ɗaya na yi a Ingila kafin wannan daren, kuma ina da takardar zama ta dindindin. Mai bizar aiki ko ta karatu, galibi a rubuce yake a takardarsa cewa ba shi da rabo a irin wannan kuɗin.

Mako biyar ake jira kafin kuɗin farko ya shigo. Haka aka tsara shi: a yi wata guda ana lissafin abin da ka samu, sannan a ƙara kusan mako guda kafin a biya. Wanda ba zai iya jira ba ana ba shi kafin-alƙalami, na kuwa karɓa, don kuɗin haya ba ya jiran kowa. Babu ruwa a kansa, amma bashi ne, ana zare shi daga tallafin wata-wata har tsawon wata 24. Ke nan da bashi na shiga. Kafin ƙarshen shekarar ya samu 'yan'uwa: injin wanki da na ɗauka a kan biyan kaɗan-kaɗan, kuɗin wuta da na yi baya a kansa, da fam 300 da Yayana ya ranta mini ranar da muka tare a sabon gida. Bashi hanji ne, in ji masu iya magana, yana cikin kowa. Nawa dai har na haddace ranar da kowanne ke fita daga asusuna.

Kuma ina aiki. Wannan ne abin da mutane ba sa son ji. Dare uku a mako nake kwana a gidan kula da tsofaffi, ina juya su a gado, ina canja musu, ina riƙe hannun wanda barci ya ƙaurace wa. Wata baiwar Allah maƙwabciyata ke kwana da yaran. In na dawo da safe na kai autana makaranta, sai in saki labule in kwanta. A 2012 ministan kuɗi na lokacin, George Osborne, ya yi wani jawabi da ya daɗe a bakin jama'a, inda ya kwatanta ma'aikacin da ke fita da duku-duku yana kallon tagar maƙwabcinsa a rufe, wai yana sharar barci a kan kuɗin tallafi. Duk ranar da na saki labulena ƙarfe goma na safe sai maganar ta faɗo mini. Wanda ya wuce ta ƙofar gidana, me zai gani in ban da taga a rufe?

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na taɓa zama mai kallon tagar. A farkon 2014 tashar Channel 4 ta nuna wani shiri a kan mazauna wani layi a Birmingham da akasarinsu ke karɓar tallafi. Na zauna a kujera mai laushi, da mijina da albashinsa, ina taɓe baki ina cewa dubi talabijin ɗinsu, dubi wayar hannunta. Ban tambayi kaina ko tun kafin wahala ta zo aka sayi talabijin ɗin ba. Ban san da wuya ka iya riƙe tallafin in ba ka da waya da intanet ba, tunda ta nan ake aiko maka da saƙo, ta nan kake ba da amsa. Har yau in na tuna zaman nan sai na nemi gafarar Allah.

A watan Satumba na 2021 autana ya dawo daga makaranta, yana da shekara takwas, ya ajiye jaka ya ce, “Umma, da gaske ne ruwan teku gishiri ne? Kowa a ajinmu ya ɗanɗana.” Tsibiri muke zaune a kai. Babu wani wuri a ƙasar nan da ya fi kusan mil 70 nisa da teku, amma yaron da aka haifa a cikinta bai taɓa ganinsa ba sai a hoto. A daren na wanke wani gwangwani na soma jefa fam 5 duk mako.

Wata guda bayan nan aka janye ƙarin fam 20 na mako-mako da aka sa wa tallafin lokacin annobar korona. A Afrilun 2022 kuɗin wuta da gas ya yi tsallen da ya zarce rabi. Sau uku na buɗe gwangwanin, sau uku na mayar da murfin. Na karɓi ƙarin dare biyu a wurin aiki, duk da na san ƙa'idar: bayan an ware maka wani ɗan kaso, duk fam ɗaya da ka samu ana rage kwabo 55 daga tallafinka. Gumin naka ne gaba ɗaya, ladan kuwa ƙasa da rabi ke isowa hannunka. Ƙarshen watan Mayu, a hutun mako guda na tsakiyar zango, na biya kuɗin kwana huɗu a wani ɗan gidan tirela, irin da suke kira karaban, a Skegness, wani gari da ke bakin teku. Na tafi da tukunyata da kayan miyata don kada mu sayi ko loma a waje.

Ba wani abin a zo a gani muka yi ba. Iska ce mai sanyi, ruwan ma ba shuɗi ba ne kamar na hoto. Autana ya durƙusa ya ɗebo da tafin hannu ya kai baki, ya tofar, ya juyo yana ihu, “Umma, gaskiya ne!” Babbar 'yata, wadda tun rabuwarmu da babanta ba ta cika magana ba, ta cire takalmi ta bi shi da gudu. Na ɗauke su hoto ɗaya na sa a WhatsApp.

Kafin magariba Anti ta kira. Dattijuwa ce da ta riƙe ni kamar 'yarta tun zuwana ƙasar nan, ba na haɗa ta da kowa.

“'Yar nan, sauke hoton nan yanzu-yanzu.”

“Anti, lafiya?”

“Ke ba ki san mutane ba? Kina karɓar kuɗin gwamnati kina yawon shaƙatawa? Wani zai ɗaga waya ya kai ƙararki. Ki ci naki a ɓoye.”

Na ce mata ban karya doka ba. Tafiya a cikin ƙasa babu wanda ya hana, ko waje ma ana barin mutum ya yi har wata guda in ya sanar. Ajiyar da ba ta wuce fam 6,000 ba, ba a taɓa tallafin mutum saboda ita, ni kuwa tawa a gwangwani ta ƙare. Ta ce, “Ni ba doka nake jiye miki ba, baki nake jiye miki.” Na sauke hoton don girmanta. Amma na kwana ina juyi, don a hoton babu komai sai yara biyu da jiƙaƙƙen wando.

Bakin kuwa ya same ni. Daren da na koma aiki, wata abokiyar aikina da ta riga ta ga hoton ta ce, tana zuba shayi ba ta ko kalle ni ba, ita shekara uku rabonta da hutu, amma harajinta yana kai wasu bakin teku. Albashinmu ɗaya da ita a kowace awa, harajin da ake cire mata ana cire mini. Ban ji haushinta ba kamar yadda na zata, don na san gajiyar da ke maganar. Abin da ya dame ni shi ne inda ta nufa da fushin. A 2013 kamfanin Ipsos MORI ya tambayi jama'ar Birtaniya nawa suke zaton ana cinyewa ta hanyar zamba a kowace fam 100 ta tallafi. Suka ce fam 24. Ƙiyasin hukuma a lokacin kwabo 70 ne. Mutumin da ya yarda kusan kashi ɗaya cikin huɗu sata ce, dole ya riƙa leƙen kwandon cefanen maƙwabcinsa.

Wani abin kuma, tun 2008 gidauniyar Joseph Rowntree ke ɗaukar nauyin wani bincike da masana a jami'ar Loughborough ke yi, inda ake tara mutane gama-gari su yi ittifaƙi a kan abin da iyali ke buƙata don su rayu cikin mutunci. Hutun mako guda a cikin ƙasa sau ɗaya a shekara yana cikin jerin. Jama'a da bakinsu suka ce buƙata ce. Sai an ga mai karɓar tallafi a bakin ruwan ne take komawa almubazzaranci. An yarda mu ci don kada mu mutu, an yarda mu biya haya. Dariyar ce ba a yarda da ita ba, sai in da kunya a haɗe.

Duk wannan da sauƙi. Kiran Yaya ne ya karya ni, don shi kaɗai ke da haƙƙi a wuyana.

Bai ɗaga murya ba. Ya tambayi yara, ya tambayi hanya, sannan ya ce, “Ƙanwata, na zata kina cikin matsi ne.” Direban bas ne, da 'ya'ya huɗu, fam 300 ɗin nan ba daga rara ya ciro ta ba. Na buɗe baki in kawo masa lissafi, sai na ga babu lissafin da zai wanke ni. Gaskiyarsa ce. Na ɗauki kuɗin da ya isa ya rage bashinsa fiye da rabi na kai bakin teku, ban ko shawarce shi ba.

Na ce, “Yaya, na yi kuskure da ban gaya maka ba, ka yafe mini. Amma ban yi nadamar tafiyar ba. In na ce sai na gama biyan kowa, yarinyar nan ta gama makaranta ta bar gida. Bashin yana jira, shekarunsu ba sa jira.”

Ya yi shiru har na duba ko layin ya katse. Can ya ce, “Ya ɗanɗana ruwan?” Na ce ya ɗanɗana. Ya ce to, in riƙa turo masa fam 20 duk wata, kuma in sake aiko masa da hoton, shi kaɗai, don bai gama kallo ba na cire.

Kwana tara bayan dawowarmu, na shigo daga aiki da safe ina shirin sakin labule, sai na taka wani ambulan mai ruwan ƙasa a bakin ƙofa, da sunana a jiki. Duk mai karɓar tallafi a ƙasar nan ya san abin da irin wannan ambulan ke yi wa zuciya tun kafin a buɗe shi. Na zauna a kan matakala da takalmina a ƙafa, na yi bisimilla na yage bakinsa.

Abin da ke ciki, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.