Shagon kwamfuta da kuɗin masu tallafi

Shagona yana titin Bauchi a Jos. Kwamfuta takwas, firinta biyu, da yara uku masu taya ni. Muna buga takardu, mu cike wa mutane fom a intanet, bayan la'asar kuma mu koyar da kwamfuta.

A da in na ji ana zancen Bankin Duniya a rediyo, ɗauka nake labarin mutanen Abuja ne. A 2020 aka amince da shirin rajistar katin ɗan ƙasa na dala miliyan 430, wanda bankin ya haɗa hannu da hukumar raya ƙasashe ta Faransa da Bankin Zuba Jari na Turai. Rance ne fa, ba sadaka ba, jikokinmu ma sai sun taya biya. Ko kwabo bai shigo aljihuna kai tsaye ba. Abin da ya iso ni layin mutane ne, domin a Disambar shekarar aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Na karɓi na'urar rajista a ƙarƙashin wani kamfani mai lasisi. Kafin a idar da sallar asuba mutane sun jeru a ƙofa, cikin sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi. Akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana haƙar kuza, zanen yatsunsa duk ya shafe. Sai da muka sa ya murza hannuwa, ya shafa mai, muka gwada sau shida. Da na'urar ta karɓa, ya ce, "To, yaro, yanzu gwamnati ta san da ni ke nan?" Ladan wannan aikin har yau kamfanin bai gama biyana ba.

Daga baya wata ƙungiya mai samun kuɗi daga waje ta ba ni kwangilar horar da mata talatin, mako shida. Sun biya da kyau, ba zan ɓoye ba. Amma takardunsu! Rasit na kowace ledar ruwa, sa hannu safe da yamma, hoton kowace ɗaliba riƙe da takardar shaida. Na roƙe su su rage kuɗin bikin yaye ɗalibai a otal, su saya wa matan data ta wata uku. Suka ce ba ya cikin kasafi. Wanda ya tsara kasafin bai taɓa sayen fetur a galan don janareta ba, balle bayan cire tallafin mai a Mayun 2023.

Ana shirin rukuni na biyu Amurka ta dakatar da agajin da take bayarwa a ƙasashen waje, a Janairun 2025. Jami'in ƙungiyar ya kira ni, muryarsa a sanyaye: "Malam, a dakata tukuna." Shi ma aikinsa ya tafi.

Abin da ya rage mini sola ce da batura biyu, waɗanda na dage sai da aka saka a kwangilar farko. Da su nake buɗe shago ko babu wuta. Cikin matan nan akwai wadda ke sayar da dankalin turawa ta WhatsApp, tana aika buhuna Abuja daga kasuwar Farin Gada. Duk Alhamis takan zo ta sa caji, ta ce in duba mata lissafinta, ba ta yarda da wayar ba tukuna.