Ranar da na zama ɗalibin likitan Molière

A shekararmu ta biyu a sashen Faransanci aka ba mu wasan Molière, marubucin wasan kwaikwayo Bafaranshe, mai suna Les Femmes savantes, wanda aka fara nunawa a Paris a 1672. Lokacin kaina ya kumbura da 'yan kalmomin da na haddace. Ko goro zan saya a tasha sai na jefa Faransanci.

A wasan akwai uwargida, Philaminte, da ta kori 'yar aikinta Martine. Yarinyar ba ta yi sata ba, ko kwano ba ta fasa ba, dokokin wani masanin nahawun Faransanci, Vaugelas, kawai ta karya. Maigidan, Chrysale, mijin-ta-ce ne, sai ya koma gefe yana ƙunƙuni cewa shi miya mai daɗi ke riƙe masa rai, ba zaƙin baki ba. Ga kuma Trissotin, mawaƙin bogi da matan gidan ke neman suma in ya buɗe baki, alhali dukiya yake hange. Da aka yi masa ƙaryar ta salwanta, nan take ya fasa auren Henriette, 'yar gidan. Waƙar da yake karantawa kuwa ta wani malamin coci ce, Cotin, kuma yana raye a garin ana kwasar dariyarsa. Molière ba shi da dama.

Mun sha dariya, kowa na nuna wani.

Sai ga Le Malade imaginaire na 1673, wanda Molière ya rasu a daren da ya fito a cikinsa karo na huɗu. An tambayi ɗalibin likitanci me ya sa ofiyom ke sa barci, ya amsa da gurguwar Latin cewa ai akwai ƙarfin sa barci a cikinsa. Manyan likitoci suka yaba masa.

Da na je koyarwar gwaji, wata yarinya a bencin baya ta ɗaga hannu: "Malam, me ya sa ake cewa il faut que tu viennes (dole ka zo), ba viens ba?" Na gyara zaman tabarau na ce, "Saboda subjonctif ne." Ta sunkuya ta rubuta. Sai da na hau acaɓa zan koma gida amsar tawa ta dawo min, kunya ta rufe ni: sunan wannan sigar aikatau kawai na faɗa mata, ba dalili ba, kamar ɗalibin likitan nan.

Washegari na ajiye littafi na tambaye su: wa ya taɓa jin Bahaushe ya ce "dole sun zo"? Aji ya fashe da dariya, suka ce "dole su zo" ake faɗa, tunda ba a zo ba tukuna, so ake a zo. Na ce to, Bafaranshe ma haka yake yi.

Yarinyar ta dube ni ta ce, "Malam, ai da tun jiya ka faɗi haka."