Bangon da ya yi ciki a Ƙofar Ƙaura

A shekarata ta farko ƙarƙashin wani dattijon injiniya a Katsina, aka kira mu wani shago wajen Ƙofar Ƙaura. Mai shagon ya gina ɗaki a ƙarƙashin ƙasa yana jibge buhunan shinkafa, abin da ba kasafai ake yi a garinmu ba. Bayan ruwan Agusta sai bango ɗaya ya yi ciki.

Ni da ɗokin sabon shiga, ina ganin tsagar da ta bi layin bulo a kwance na ce a cusa siminti a shafe, kwana biyu an gama. Oga bai ce uffan ba. Ya ɗaure ƙusa a zare ya sako daga sama. Zaren ya taɓa tsakiyar bangon, amma a ƙasa yatsuna biyu suka shige tsakani. Sai ya ja ni waje ya nuna min indararo, yana tsiyaya daidai gindin ginin.

A nan ya tuna min abin da na haddace a makaranta ban taɓa gani da ido ba: ruwan da ya cika mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, nauyinsa tan ɗaya ne. Idan ƙasa ta sha ta ƙoshi, a zurfin mita 2 ruwa kaɗai na tura kowace murabba'in mita da kusan tan 2. Bangon kuwa bulo ne inci 9, ba rodi, ba a cika ramukansa da kankare ba.

Da aka zo maganar kuɗi, Alhaji ya ce, "Injiniya, ni dai mai sauƙi." Mai sauƙin shi ne a tsayar da ƙarafa daga ciki, a ɗaure su da daɓe a ƙasa da rufin kankare a sama. Suna tare bango, amma ba sa miƙar da shi, kuma suna cin wurin buhu. A Amurka, inda irin ɗakunan nan suka yi yawa, akan manna wa bangon ɗamarar zaren kabon, wani zare mai ƙarfin gaske, idan cikin da ya yi bai wuce inci 2 ba. Mu a nan kawo ta kaɗai ya ishe ka. Sahihin gyara shi ne a haƙe ta waje har tushe, a shafa kwalta, a shimfiɗa bututu mai huji, a cike da tsakuwa. Sai dai katangar maƙwabci na dab da wurin, ga damina ba ta ɗauke ba.

"Alhaji, araha ba ta ado," in ji Oga, "amma haƙa yanzu ganganci ne." Aka tsaya kan ƙarafa, aka karkatar da indararo zuwa kwata, haƙa kuma sai rani. Ni aka ba fensir, na ja layi a bakin tsagar na rubuta kwanan wata, duk Asabar in zo da zarena in auna.