Yadda Muka Kwantar da Jijjigar Fanka da Nauyin Kilo 22 da Rabi

Fankar tana zaune ne a kan dandamalin ƙarfe mai bim biyu. Injin lantarki mai kilowat 30 ke juya ta kai tsaye, babu bel, kuma inbata, na'urar sarrafa gudun injin lantarki, ce ke sauya mata gudu tsakanin juyi 1,200 zuwa 1,440 a minti. Muddin ba ta wuce 1,350 ba, lafiya lau, jijjigar ba ta kai milimita 4 a daƙiƙa. Da zarar ta kai cikakken gudu sai dandamalin ya kama rawa, sensa ta nuna milimita 18 a daƙiƙa. A ma'aunin jijjigar injuna na ƙasa da ƙasa, ISO 10816-3 (wanda ISO 20816-3 ya maye gurbinsa a 2022), injin mai wannan girma da ke kan mazauni mai lanƙwasuwa ya shiga haɗari tun daga 7.1.

Kafin a yi maganar rataya wani nauyi, sai da muka bi abubuwan da aka saba: an yi wa fankar balansin, an duba boris, an ɗaure duk notin da ya saki. Jijjigar ta ɗan ragu, amma tsallen nan da take yi a cikakken gudu yana nan daram. Wannan matakin ba na tsallakewa ba ne, domin nauyin kashe jijjiga ba ya gyara boris da ya ci, ba ya miƙe shaf da ya karkace. Cuta ɗaya yake magani: idan bugun injin ya yi daidai da lilon asali na abin da injin ke kai.

Kowane ƙarfe mai nauyi da tauri yana da saurin da yake son yin lilo da shi idan an taɓa shi an sake. Mun kashe fankar, muka manna sensa a tsakiyar bim, muka buga da gudumar roba sau biyar. Duk bugun, amsa ɗaya ce: lilo 24 a daƙiƙa, wato hatz 24. Juyi 1,440 a minti kuwa idan ka raba da 60, 24 ne cif. An zo wurin. Faɗin tsinin da ya fito a allo bai wuce hatz 0.7 ba, abin da ke nuna cewa dandamalin ba ya shan ƙarfin jijjiga sai kashi 1.5 cikin 100, don haka yana ninka ɗan bugun fankar kusan sau 33.

Abu na biyu da ake buƙata shi ne nauyin da ke lilon, kuma ba shi ne nauyin da sikeli zai ba ka ba. Ƙarshen bim da ke kan ginshiƙi kusan ba ya motsi, tsakiya ce ke rawa, saboda haka wani kaso ne kawai na ƙarfen ke cikin lissafi. Hanya mafi sauƙi da na sani ita ce a ɗora nauyin da aka sani a daidai inda za a kafa na'urar kashe jijjigar, a sake bugawa. Mun ɗaure kilo 40, lilon ya sauko daga 24 zuwa 23. Ka raba 24 da 23, ka ninka amsar a kanta, ka cire 1, za ka samu 0.089. Kilo 40 a raba da 0.089 ya ba da kimanin kilo 450. A ɗaure nauyin gwajin tamau. Buhun yashi da aka ajiye kawai zai ruɗe ka, don shi kansa yana shan jijjiga.

Dabarar kanta tsohuwa ce. Injiniyan Jamus Hermann Frahm ya nemi rajistar ta a 1909: ƙaramin nauyi a kan sifirin, an saita lilonsa ya zo daidai da bugun da ke damun babban jiki. Idan bugun ya tura bim sama, sifirin ƙaramin nauyin yana jan sa ƙasa da ƙarfi kusan daidai, sai babban jikin ya tsaya cik, ƙaramin ya ɗauke rawar. Dunƙulen ƙarfe mai tan 660 da ke rataye a saman ginin Taipei 101 a Taiwan wannan aikin yake yi wa iska, haka ma 'yan ƙarafan nan masu kai biyu da ake gani a jikin manyan wayoyin wuta kusa da turaku.

Mun zaɓi kashi 5 cikin 100 na kilo 450, wato kilo 22.5, muka raba shi biyu, kowane a ƙarshen hannu ɗaya na falankin ƙarfe mai faɗin milimita 60 da kaurin 12, an damƙe tsakiyarsa a ƙarƙashin bim. Taurin da ake so shi ne nauyi sau (2π × f)², inda f shi ne lilo a hatz, wanda a hatz 24 ya kama niyutan 512 a kowace milimita, 256 ga kowane hannu. Taurin hannun da aka kafe gefe ɗaya shi ne 3EI/L³, inda E taurin ƙarfen ne, I lamba ce da ke fitowa daga faɗi da kaurin falankin, L kuma tsawon hannun. Da E na 200,000 da I na 8,640, tsawon ya fito milimita 273 daga bakin maɗauri zuwa tsakiyar nauyin.

A takarda ke nan. Da muka ɗaure shi a kan teburin walda mai nauyi muka buga, 22.5 ya ba mu maimakon 24. Dalilai uku ne: maɗaurin yana ɗan bayarwa komai ƙarfin ɗaurin, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin falankin kansa yana shiga lilon, sannan dunƙulen ba ɗigo ba ne, yana ɗan juyawa yayin da hannun ke lanƙwasa. Dukkansu ƙasa suke jan lilon. Shi ya sa ba a walda nauyin a jikin hannu; a yi shi gida biyu masu damƙe falankin da noti, yadda za a iya zame shi. Ragin kashi 1 cikin 100 a tsawo yana ƙara kashi 1.5 a lilo, a namu kowace milimita ta kama hatz 0.13. Mun matso da shi ciki da milimita 12, ya hau 24.

Da aka kafa shi aka tayar da fanka a 1,440, sensa ta faɗo daga 18 zuwa 1.2. Ka ɗora tafin hannu a bim, sai ka rantse an kashe injin.

Murna ta koma ciki lokacin da aka rage gudu. A wajen juyi 1,290, inda da can babu komai, jijjigar ta haura milimita 11. Ba kuskuren ɗauri ba ne, halin na'urar ne. Idan ka haɗa jiki mai lilo da wani jiki mai lilo, tsini ɗaya yana rabuwa biyu, ɗaya ƙasa da na asali ɗaya sama. Da nauyin kashi 5 cikin 100, suna faɗawa a 0.894 da 1.118 na lilon farko, wato hatz 21.5 da 26.8. Na saman ya fi ƙarfin gudun fankarmu, amma 21.5 sau 60 shi ne 1,290, tsakiyar inda ake aiki da ita kullum. An gudu ba a tsira ba. Nauyi da sifirin zalla sun dace ne da injin da gudunsa ba ya canzawa, kuma ko shi sai ya ratsa tsinin ƙasa duk lokacin tashi da tsayawa.

Maganin wannan shi ne abin da injiniyoyi Ormondroyd da Den Hartog suka nuna a 1928: a sa wa ƙaramin nauyin abin da zai sha ƙarfin motsinsa ya mayar da shi zafi. Ƙa'idar da aka fi bi tana da lambobi uku, kuma duk daga rabon nauyi μ suke fitowa, wanda a namu 0.05 ne. Lilon na'urar ya zama na dandamali a raba da (1 + μ), wato 22.9, ƙasa kaɗan da 24. Shan ƙarfin ya zama √(3μ / 8(1 + μ)³), kusan kashi 13 cikin 100. Idan an dace da waɗannan biyun, ninkin da ya fi muni a kowane gudu ba zai wuce √(1 + 2/μ) ba, wato 6.4 a maimakon 33. Ka rasa shirun nan na 1.2, amma ka samu tudu biyu gajeru masu tsayi ɗaya a madadin tsini. Lamba ta ukun tana kuma nuna cewa ninka nauyi ba ya ninka amfani: kashi 10 cikin 100 yana ba da 4.6 ne kawai, kashi 2 kuma 10. Abin da babban nauyi ya fi bayarwa shi ne haƙuri da kuskuren saiti.

Nan ne aikin ya fi cin lokaci. Mun fara gwada ƙaramar shokazoba, tunda ita ce ke kusa. Ba ta yi komai ba, sai ma jijjigar ta dawo kusan yadda take, tsinin ya ɗan sauko ƙasa da 24. Da muka mayar da lambobin zuwa tazara sai dalili ya fito fili. Milimita 18 a daƙiƙa a hatz 24 motsi ne na milimita 0.17 kacal kowane gefe, kuma ƙaramin nauyin ma bai fi haka ba a bakin aiki. An ƙera shokazoba ne don tafiyar santimita da yawa. A motsin da bai fi kaurin takarda biyu ba, robar da ke riƙe mai a bakinta tana kama sandar, sai ta zama sanda ƙiƙam, nauyin ya manne da bim ya zama kaya kawai. Idan kuma akwai sako-sako na milimita 0.1 a fil ɗin da aka rataye ta, motsin zai ƙare a cikin ramin bai isa gare ta ba. Duk abin da ke da fil ko hannun zamiya, a cire shi daga lissafi a irin wannan saurin.

Muka koma roba. Mun manna gutsattsarin robar butil tsakanin kowane dunƙule da wasu kunnuwan ƙarfe biyu da ke fitowa daga maɗaurin, yadda robar za ta riƙa murɗewa gefe idan nauyin ya yi sama da ƙasa. Abin da mutane ke mantawa shi ne roba sifirin ce ita ma. A ma'aunin shan ƙarfi da ake auna roba da shi, tamu a gwaji tana shan kusan 0.5, mu kuma muna son na'urar gaba ɗaya ta sha 0.25, ninki biyu na kashi 13 ɗin nan. Ma'ana dole robar ta ɗauki rabin taurin duka, ƙarfen ya ɗauki rabi. Jimlar taurin hannu ɗaya a 22.9 niyutan 232 ne a milimita, don haka ƙarfen ya sauko 116, sai da muka zame dunƙulen waje zuwa wajen milimita 340. Da mun yanke falankin daidai lissafin farko, da sai an sake sabo. A bar rarar tsawo ko da kashi 40 cikin 100 ne.

Auna shan ƙarfin ba ya buƙatar kayan aiki na musamman. Ka buga dunƙulen a kan tebur, ka kalli yadda lilon ke mutuwa a allo. A kashi 13 cikin 100, kowane lilo yana komawa kashi 45 cikin 100 na wanda ya gabace shi, bayan huɗu ko biyar ya ɓace. Idan yana ta kaɗawa kamar ƙararrawa, robar ta yi kaɗan. Idan ya mutu a bugu ɗaya, ta yi yawa, kuma yawan ma illa ne, don yana kai ka inda shokazoba ta kai mu. Muna rage faɗin robar da wuƙa kaɗan-kaɗan, muna zame nauyin, muna sake bugawa, domin taɓa ɗaya yana canza ɗayan.

Saitin ƙarshe a kan dandamali ake yin sa, da fanka tana gudu. Mun bi daga 1,200 zuwa 1,440, muna ƙara juyi 20 kowane mataki muna rubutawa, sannan muka kashe muka buga da guduma don ganin tudun sama da fankar ba ta kaiwa. Karatun tudun biyu shi ke gaya maka inda za ka matsa. Idan na ƙasa ya fi tsayi, lilon na'urar ya yi sama, a zame nauyin waje. Idan na sama ne ya fi, a matso da shi ciki. Milimita biyu a lokaci guda sun isa, kuma hannayen biyu su tafi tare. Mun tsaya a inda mafi munin karatu a duk faɗin gudun ya zama milimita 3.5 a daƙiƙa.

Bayan awa uku ana aiki sai karatun ya fara hawa, ya kai 5. Iskar da ke fitowa daga jikin injin tana bugun hannu ɗaya, robar ta yi ɗumi ta yi laushi. Tunda rabin taurin nata ne, laushin kashi 20 cikin 100 yana sauke lilon na'urar da kusan kashi 5, wanda ya isa ya ɓata saitin. Mun sa ɗan faranti ya kare iskar, muka sake saiti bayan komai ya ɗauki zafin aiki. Inda zafi ke hawa da sauka sosai, na fi son faranti da ke nutse cikin man silikon mai kauri, don kaurinsa ba ya canzawa da zafi kamar na man inji, sai dai a sha fama da yoyo.

Wurin kafawa kuwa, a bi bim da sensa taku-taku a nemi inda ya fi rawa, a kuma tabbatar da ɓangaren da yake rawar, sama da ƙasa ne ko gefe. Kusa da ginshiƙi na'urar ba za ta ji komai ba. Kada a huda falankin ko a yi masa walda a bakin maɗauri, nan ne ƙarfen ya fi shan wahala: a tsawon 340, kowace milimita ta lanƙwasa tana ɗora masa kusan megafaskal 30, kuma a hatz 24 yana lanƙwasa sama da sau miliyan biyu a kwana ɗaya. A goge kaifin bakin maɗaurin ya zama mai santsi. Notunan M12 masu daraja 8.8 mun ɗaure su a kusan Nm 80, muka sa wa kowane dunƙule sarƙar tsaro mai sako-sako, don kilo 11 da ya ɓalle daga sama ba abin wasa ba ne.

Mun ja layin fenti a jikin falankin daidai gefen kowane dunƙule da kan kowane noti, yadda zamewar milimita ɗaya za ta bayyana ga mai duba. A takardar injin kuma an rubuta lilon dandamali, tsawon hannaye da karatun kowane gudu, tare da gargaɗin cewa duk wanda ya ƙara kaya a bim ɗin ya sa a sake bugun guduma: kilo 60 kawai a tsakiyarsa zai sauke lilon daga 24 zuwa 22.5, na'urar kuma tana nan a saitin da aka yi mata don dandamali mai lilo 24.